Yadda Jijiyoyi Ke Neman Sabuwar Hanya Bayan Raunin Laka

Gabatarwa

Kowa ya san cewa idan ƙashi ya karye aka ɗora shi da kyau, bayan 'yan makonni yakan haɗe. Idan fata ta yanke, takan warke ta bar tabo. Har jijiyar hannu ma, in wuƙa ta datse ta likita ya ɗinke, bayan wasu watanni mai ita yakan soma jin yatsunsa kuma. Amma ga wani abin mamaki. Mutum ya faɗo daga bisa itacen mangwaro, ko ya yi haɗari a kan babur, ƙashin bayansa ya karye ya danne laka. Ƙashin zai warke, amma sau da yawa ƙafafun ba su ƙara ɗaukarsa. Wani kuwa da ya sami rauni mai kama da wannan, sai a ga bayan wata uku ya motsa babban yatsa, bayan shekara yana takawa da sanda.

Me ya hana laka warkewa kamar sauran jiki? Shi kuma wanda ya samu sauƙi, ta wace hanya saƙon ƙwaƙwalwarsa ya sake kaiwa ƙafa? Waɗannan tambayoyi biyu ne za mu bi a wannan darasi. Batun ba ƙarami ba ne, gama Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutane fiye da miliyan 15 ke rayuwa da raunin laka. Yawancinsu faɗuwa ce ko haɗarin hanya ya jawo musu.

Laka da aikinta

Duk wanda ya taɓa cin naman wuyan rago ya ga wani farin abu mai laushi a cikin ramin ƙashin. Wannan ita ce laka. A jikin babban mutum tsawonta kamar santimita 45 ne, kaurinta kuma bai wuce na ƙaramin yatsa ba. Ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa, ta bi ta cikin ramin ƙashin baya, ta tsaya a wajen saman ƙugu. Jijiyoyi 31 ke fita daga gefenta na dama, 31 daga na hagu, su bazu cikin jiki duka.

Sai mu lura da kalmar nan jijiya. A Hausa mukan ce jijiya ga hanyar jini, mukan ce jijiya ga abin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, mukan kuma ce jijiya ga mai kai saƙo. A nan ta ukun muke nufi.

Kowace ƙwayar jijiya tana da jiki, da gajerun rassa masu karɓar saƙo, da kuma zare guda ɗaya dogo mai aika saƙo. Zaren ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, amma wani yakan kai mita ɗaya a tsawo. Inda bakin zare ya sadu da wata ƙwaya, a nan ake miƙa saƙo, wurin kuwa za mu kira shi mahaɗa. Yawancin dogayen zarurrukan suna naɗe da wani farin kitse da ake kira mayelin, kamar yadda roba ke rufe wayar lantarki. Saboda wannan riga, saƙo yana iya gudun fiye da mita 100 a daƙiƙa ɗaya.

A cikin laka hanyoyi biyu ne: masu sauka suna kawo umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka, masu hawa suna kai labarin zafi, sanyi da taɓawa zuwa ƙwaƙwalwa. Akwai kuma wasu zarurruka da ba su fita daga laka ko kaɗan. Aikinsu shi ne haɗa wani sashe na laka da wani, kamar ƙananan hanyoyin da ke tsakanin ƙauye da ƙauye. Ku riƙe waɗannan a zuciya, za mu komo kansu.

Abin da ke faruwa sa'ad da aka ji rauni

Ba kasafai laka ke tsinkewa gida biyu ba. Abin da ya fi yawa shi ne ƙashin da ya karye ko ya goce ya murje ta. Wannan shi ne rauni na fari. Na biyu yana biyo baya cikin sa'o'i da kwanaki: jini yana zuba a ciki, laka tana kumbura a rami marar fili, jini ya kasa kaiwa wasu wurare, ƙwayoyin da haɗarin bai taɓa ba su ma su mutu. Daga baya a kan sami kogo cike da ruwa, tabo kuma ya kewaye shi.

Guntun zaren da ya rabu da jikin ƙwayarsa yakan ruɓe, kamar reshen da aka sare daga itace. Wani masani ɗan Ingila, Augustus Waller, ya bayyana haka tun 1850 bayan ya yi nazarin jijiyoyin kwaɗi. Idan raunin a wuya yake, hannuwa da ƙafafu duka kan shanye, in ya yi sama sosai har numfashi ya gagara. Idan a ƙirji ne ko ƙasa da haka, ƙafafu ne ke shanyewa. Mafitsara da hanji su ma sukan fita daga ikon mutum.

Likitoci sukan raba raunin kashi biyu. Akwai cikakke, inda ba ji ba motsi a can ƙarshen jiki, akwai kuma wanda bai cika ba, inda ɗan ji ko ɗan motsi ya rage. Amma binciken gawarwaki ya nuna cewa ko a cikin waɗanda aka ce nasu cikakke ne, da yawa suna da 'yan zarurruka da suka tsira a gefen raunin. Waɗannan tsirarun su ne jarin da jiki zai juya.

Me ya sa zaren da ya tsinke ba ya komawa?

Tambayar tsohuwa ce. Wata takardar likitancin Masar da aka rubuta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Almasihu ta kwatanta mutumin da wuyansa ya goce, hannuwa da ƙafafunsa suka mutu, ta kuma sa ciwon cikin waɗanda likita ba shi da abin yi a kansu. Santiago Ramón y Cajal na ƙasar Sifen, wanda ya sami lambar Nobel a 1906, ya duba da madubin ƙara girma ya ga bakin zaren da aka yanke yana ƙoƙarin toho, sa'an nan ya kumbura ya tsaya.

Jijiyoyin hannu da ƙafa ba haka suke ba. Su suna toho kamar milimita ɗaya a yini. In ka auna daga wuyan hannunka zuwa bakin dogon yatsa ka sami santimita 18, to, kwana 180 ke nan, wajen wata shida, kafin ji ya komo. Wasu ƙwayoyi da ake kira ƙwayoyin Schwann ne ke share tarkacen tsohon zare, su jeru su yi wa sabon hanya. Babu irinsu a tsakiyar laka.

A 1981, Samuel David da Albert Aguayo a birnin Montreal na Kanada suka yi wani gwaji da ya sāke tunanin masana. Suka yanko guntun jijiyar ƙafar ɓera, suka dasa bakinsa ɗaya a gindin ƙwaƙwalwa, ɗayan kuma a laka, ya zama gada. Sai ga zarurrukan laka sun shiga gadar sun yi tafiyar fiye da santimita 3. Da suka kai ɗaya bakin suka sake shiga laka, sai suka tsaya. Manomi zai gane wannan nan da nan: irin yana da rai, ƙasar ce fako.

Daga nan aka gano manyan shingaye uku. Na fari yana cikin mayelin ɗin kansa. Martin Schwab da abokan aikinsa a Zurich ta Suwizalan sun nuna a 1988 cewa a cikinsa akwai furotin mai hana zare tsawo, wanda daga baya aka sa wa suna Nogo. Na biyu shi ne tabo, wanda ke ɗauke da wasu sinadarai masu tare hanya. A 2002 Elizabeth Bradbury da abokan aikinta a Landan sun narkar da waɗannan sinadarai a jikin ɓeraye, zarurruka suka ƙara toho. Amma tabon yana da nasa amfani, gama shi ke killace ɓarna kada ta yaɗu. Wani bincike a Amurka a 2016 ya nuna cewa idan aka hana tabon samuwa gaba ɗaya, toho ba ya ƙaruwa, al'amarin ma lalacewa yake yi. Shinge na uku yana cikin ƙwayar jijiyar. Tun tana cikin tayi tana da ƙarfin girma ƙwarai, da ta manyanta sai ta taka wa kanta birki. Zhigang He da ɗalibansa a Jami'ar Harvard sun cire ɗaya daga cikin birkin nan a ƙananan ɓeraye a 2008 da 2010, zarurruka suka yi toho fiye da yadda aka saba gani.

Ratse: yadda sauƙi ke samuwa

To, idan zaren da ya tsinke ba ya ƙetare raunin, ta yaya wasu ke samun sauƙi? Wani ɓangare na sauƙin farko yana zuwa ne don kumburi ya saɓe, zarurrukan da suka suma suka farfaɗo. Amma babban dalilin sauƙin da ke zuwa cikin watanni shi ne ratse.

Ku tuna da abin da ke faruwa idan ruwan damina ya cinye gada a babbar hanya. Direbobi ba su zama jiran gyara. Sukan sauka daga kwalta tun kafin gadar, su bi ta ƙauyuka, su sake hawa titi a gaba. Tafiyar ta fi tsawo, ta fi wahala, amma kaya na isa kasuwa. Haka jijiyoyi ke yi, ta hanyar fid da ƙananan rassa a gefe, kamar yadda dalbejiya ke tsattsafo da rassa in aka sare kanta.

A 2004 Florence Bareyre da abokan aikinta a Zurich suka yanke babbar hanyar da ke kai umarni ƙafafun bayan ɓera, a daidai tsakiyar baya. Zarurrukan da aka yanke ba su ƙetare raunin ba. Can sama a wuya suka fid da sababbin rassa, suka kama waɗancan ƙwayoyi masu haɗa sashe da sashe. Da fari sun kama kowace iri, masu gajeren zare da masu dogo. Bayan mako 12 sai aka ga mahaɗan da ke kan gajerun, waɗanda ba su kai ko'ina ba, sun ragu, na kan dogayen da suka wuce raunin har zuwa ƙugu kuwa sun tabbata. Wato jiki ya gwada hanyoyi da yawa, ya riƙe mai ɓullewa, ya saki marar amfani.

A 2008 Grégoire Courtine da abokan aikinsa a Amurka suka ƙara tabbatar da haka. Suka yanke rabin lakar ƙananan ɓeraye a gefe guda, suka jira makonni, sa'an nan suka yanke ɗaya rabin a wani wuri dabam. Ta haka babu dogon zare ko ɗaya da ya rage daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafa. Duk da haka ɓerayen suka sake takawa, domin saƙo ya bi ta gajerun zarurrukan da ke tsakanin raunukan biyu. Da aka kashe ƙwayoyin da ke tsakanin, sai tafiyar ta ɓace. A birai ma, wani bincike na 2010 ya nuna cewa bayan an yanke rabin laka a wuya, zarurrukan gefe mai lafiya sun ƙetaro tsakiya sun mayar da wajen kashi 60 cikin 100 na yawan rassan da aka rasa, hannun kuma ya soma aiki.

A jikin mutum yawancin sauƙin yana zuwa cikin wata shida na fari, ko da yake yakan ci gaba a hankali har shekara ko fiye. Wanda rauninsa bai cika ba shi ya fi samun rabo, gama yana da hanyoyin da za a yi ratse ta kansu.

Hanyar da ake bi ita ke zama hanya

Mene ne ke zaɓen mahaɗar da za ta zauna da wadda za ta shuɗe? Amfani ne. Turbar da ake bi kullum takan faɗaɗa, wadda aka daina bi ciyawa ke cinye ta.

Tun 1911 Thomas Graham Brown ya nuna cewa lakar kyanwa, ko an raba ta da ƙwaƙwalwa, tana iya sa ƙafafu su riƙa lanƙwashewa da miƙewa bi da bi. Ashe tsarin taku yana cikin laka, ƙwaƙwalwa tana ba da izini ne da ja-gora. A 1987 Hugues Barbeau da Serge Rossignol a Montreal suka riƙa ɗora kyanwoyin da lakarsu ta yanke a kan bel mai tafiya, ana tallafe da bayansu. Da yau da gobe ƙafafun baya suka koyi taku har suna ɗaukar nauyin jiki. Daga baya aka ga cewa kyanwar da aka koya wa tsayuwa ta fi iya tsayuwa, wadda aka koya wa taku ta fi iya taku. Laka tana koyon abin da aka maimaita mata ne.

Wannan shi ne tushen aikin masu gashi da motsa gaɓoɓi a asibiti. Christopher Reeve, ɗan wasan fim na Amurka da ya fito a matsayin Superman, ya faɗo daga kan doki a 1995 ya karya wuya, daga kafaɗa zuwa ƙasa ba ya motsi. Ya dage da motsa jiki shekara da shekaru. A shekarar 2000, bayan shekara biyar, ya motsa manunin yatsansa na hagu, ji kuma ya komo a wurare da yawa na jikinsa. Bai sake tafiya ba har ya rasu a 2004, amma ya nuna cewa ƙofar sauƙi ba ta rufewa da wuri kamar yadda ake zato a dā.

Taimakon lantarki

Sau da yawa saƙon da ke bi ta ratse ba shi da ƙarfi, kamar muryar mai kira daga nesa. Sai masana suka yi tunanin sa wa laka ɗan lantarki a ƙasa da raunin, don ta zama a farke ta ji kiran. A 2011 Susan Harkema da abokan aikinta a Louisville ta Amurka suka ba da labarin wani saurayi, Rob Summers, wanda mota ta buge a 2006. An dasa masa faranti mai bakin waya 16 a kan rigar laka. Ya iya tsayuwa, bayan wata bakwai kuma, in na'urar tana kunne, yana motsa yatsun ƙafa da gwiwa da nufinsa.

A 2018 a Lausanne ta Suwizalan, Courtine da likitar tiyata Jocelyne Bloch suka sa mutum uku da suka shekara fiye da huɗu da rauni suka taka da abin dogarawa. Bayan watanni na horo, wasu tsokokin da suka shanye suka soma amsa umarni ko an kashe na'urar. A 2023 suka ba da labarin Gert-Jan Oskam ɗan ƙasar Holan, wanda ya yi haɗarin keke a ƙasar Sin a 2011. An sa masa na'urori biyu a ƙoƙon kai masu karanta niyyarsa ta taku, kwamfuta ta fassara, ta aika wa na'urar da ke kan laka. Ya tsaya, ya yi tafiya, ya hau matakala. Bayan horo, yana iya takawa da sanduna ko na'urar tana kashe, alamar cewa sababbin mahaɗai sun ƙullu.

Sai dai a yi hattara. Mutane kaɗan ne aka yi wa waɗannan gwaje-gwaje, aikin yana bukatar tiyata da kuɗi mai yawa da horo na watanni, tafiyar kuma a hankali ce da abin dogarawa. Lakar da ta lalace ba ta koma yadda take ba.

Sa'ad da haɗin ya kauce

Ba kowane sabon reshe ke kawo alheri ba. Wani haɗin kan sa tsokoki su ƙage ko su riƙa fizga ba da nufin mutum ba. Wani kan jawo zafi kamar ƙuna a wurin da ko an taɓa ba a ji. Ga wanda rauninsa ke tsakiyar ƙirji ko sama, cikar mafitsara kawai tana iya sa jininsa ya hau farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani da gumi, abin da ke bukatar taimako nan take. Toho kaɗai bai isa ba, sai zare ya je inda ya dace. An ga haka a 2023, sa'ad da masana a Lausanne suka sa zarurruka suka ƙetare cikakken rauni a ƙananan ɓeraye: tafiya ba ta komo ba sai da aka ja su har zuwa ainihin mazauninsu na ƙasan laka.

Abin da ke hannunmu

Tun da sauƙi ya dogara ga zarurrukan da suka tsira, aikin farko shi ne kada a ƙarasa su. Sau da yawa masu taimako ne ke yin ɓarnar, cikin kyakkyawar niyya. Idan kuka iske wanda ya faɗo daga bisa ko ya yi haɗari, yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada ku zaunar da shi, kada ku tsai da shi, kada ku ja shi ta hannu, kada kuma ku ɗora shi a babur. Mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa. In dole ne a ɗauke shi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: mutum huɗu ko biyar su ɗaga shi gaba ɗaya kamar gungume, su shimfiɗa shi a kan ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako. A wuce da shi asibiti kai tsaye, gama bincike ya nuna cewa tiyatar sassauta wa laka cikin sa'a 24 tana ƙara begen samun sauƙi. Ja da murza irin na ɗori ba su dace da ƙashin baya ba.

Aiki na biyu shi ne jiyya. A dā yawancin masu wannan rauni sukan mutu cikin ɗan lokaci saboda gyambon kwanciya da ciwon mafitsara. Ludwig Guttmann, wanda ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1944, ya sa a riƙa juya majiyyaci kowace sa'a biyu dare da rana, a kula da fitsarinsa, a kuma tashe shi ya yi wasanni. Gasar da ya shirya musu a 1948 ita ce ta haifi wasannin nakasassu na duniya, waɗanda aka fara a Roma a 1960. Juya majiyyaci, tsabta, da motsa masa gaɓoɓi kullum bisa ga umarnin likita, duk abubuwa ne da iyali za su iya yi a gida.

Kammalawa

Mun ga cewa zaren laka da ya tsinke ba kasafai yake komawa mazauninsa ba, amma waɗanda suka tsira suna fid da rassa su buɗe ratse, maimaici kuma shi ke tabbatar da ratsen. Saboda haka wanda ya riƙe kan mai rauni a bakin hanya, da wadda ke juya ɗan'uwanta da tsakar dare, da abokin da ke raka shi wurin motsa jiki, duka suna da hannu a cikin sauƙin da zai samu. Wanda kuma bai sake tafiya ba, ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take. Wurinsa a aji da wurin aiki yana nan, sai mu gyara masa hanyar da kekensa zai bi.

Tambayoyi don bita

1. Idan jijiyar hannu ta yanke santimita 30 daga bakin yatsa, wajen kwana nawa za ta ɗauka kafin ta kai?
2. Me gwajin David da Aguayo na 1981 ya koya mana?
3. Faɗi shingaye uku da ke hana zaren laka toho.
4. Bayyana bambancin da ke tsakanin komawar zaren da ya tsinke da yin ratse.
5. Abokinka ya faɗo daga itace ya ce ba ya jin ƙafafunsa. Rubuta abin da za ka yi, da abin da ba za ka yi ba.